Dodon Koɗi Mai Sulken Ƙarfe: Shekara 14 Yana Jiran Suna

A wurinmu, jariri kwana bakwai yake yi a raɗa masa suna, daga ranar kuma kowa ya san da me zai kira shi. To, masu karatu, a wannan wata mun kawo muku labarin wata halitta da ta yi shekara 14 a hannun masana ba ta da sunan da ƙa'ida ta amince da shi, alhali kuwa hotonta ya zaga duniya, an kuma yi rubuce-rubuce masu yawa a kanta. Wani ɗan dodon koɗi ne da ke zaune a can ƙarƙashin Tekun Indiya, inda hasken rana ba ya kaiwa. Za mu duba abin da ya jawo wannan jinkiri, da dalilin da ya sa tantance jinsin dodon koɗin zurfin teku yake ba masana wahala, sa'an nan da abin da za a iya rasawa idan aikin bai yi sauri ba.

Inda yake zaune

A tsakiyar manyan tekuna akwai jerin duwatsu a ƙarƙashin ruwa, inda ɓawon ƙasa yake tsagewa a hankali. Ruwan teku yakan tsiyaya cikin tsagar, ya tarar da zafin cikin ƙasa, sa'an nan ya ɓullo da ƙarfi ɗauke da narkakkun ma'adinai, zafinsa ya zarce digiri 300. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai ma'adinan su daskare, su yi ta taruwa har su zama kamar dogayen bututun hayaƙi. A shekarar 1977 aka fara ganin irin waɗannan maɓuɓɓugai na ruwan zafi, kusa da tsibiran Galapagos a Tekun Pasifik, da wani ƙaramin jirgin nutso na Amurka mai suna Alvin. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda suka iske halittu cunkus a wurin da ake zaton babu abinci.

A shekarar 2000 masu bincike na ƙasar Japan suka gano irin wannan maɓuɓɓuga a Tekun Indiya, can gabas da Madagaska, a zurfin mita 2,400 da ɗoriya, suka sa mata sunan jirginsu, watau Kairei. Shekara guda bayan haka, a 2001, wani ayarin Amurkawa ya je wurin da na'urar nutso, ya ɗebo wani dodon koɗi da ba a taɓa ganin irinsa ba. Girmansa bai taka kara ya karya ba, domin mafi girman da aka auna faɗin kwansonsa bai kai santimita 5 ba. Amma gefen ƙafarsa, watau naman da yake jan ciki da shi, a rufe yake da ɗaruruwan ɓawo masu hawa kan juna kamar sulken mayaƙan da. Wannan ɓawo da bayan kwanson suna da rufi na ƙarfe gauraye da farar wuta, har ma mayen ƙarfe yana kama shi. Ba a san wata dabba mai rai da ke gina jikinta da irin wannan ma'adini ba, sai shi.

Abincinsa ma abin ji ne. A maƙogwaronsa akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin bakteriya, su ne ke sarrafa sinadaran da ke cikin ruwan maɓuɓɓugar su mai da su abinci, shi kuma ya rayu a kansu. Domin ya wadata su da iska a wurin da iskar shaƙa ta yi ƙaranci, yana da zuciya wadda ta kai kashi 4 cikin 100 na girman jikinsa. Saboda haka ba zai iya rayuwa nesa da bakin maɓuɓɓuga ba. In ta mutu, ko aka rushe ta, shi ma ya tafi.

Ƙa'idar raɗa suna

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi bayanin yadda masana ke raɗa wa dabba suna. Tun shekarar 1758, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Siwidin mai suna Carl Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na littafinsa na tsara halittu, kowace dabba suna biyu ake ba ta da Latin. Na farko sunan gidansu ne, na biyu kuma nata na kanta, watau na jinsinta. Alal misali wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, shi ma kwanson wani dodon koɗin teku ne da ake kawowa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya. Linnaeus ya kira shi Cypraea moneta, daga baya masana suka mai da shi wani gida, yau ana rubuta shi Monetaria moneta. Ashe ko sunan da aka daɗe da sani yana iya sauyawa idan bincike ya ƙaru.

Raɗa sunan yana da sharuɗɗa, waɗanda ke cikin wani kundi da masanan dabbobi na duniya suka yarda da shi. Tilas a buga sunan a inda kowa zai iya samu. Tilas a haɗa shi da bayanin siffofin da suka bambanta dabbar da sauran 'yan'uwanta. Daga shekarar 2000 kuma, tilas a fayyace takamaiman samfurin da sunan ke rataye a kansa, wanda akan ajiye a gidan adana kayan tarihi domin duk mai shakka ya je ya duba. Sunan da bai cika sharaɗin bayani ba ana ce masa nomen nudum, ma'ana suna tsirara, kuma a wurin ƙa'ida daidai yake da babu.

Abin da ya sami dodon koɗinmu ke nan. A 2003 wani ƙwararre daga gidan adana kayan tarihi na birnin Stockholm, Anders Warén, shi da abokan aikinsa, suka buga labarinsa a mujallar Science, amma ba su raɗa masa suna a cikin rubutun ba. Sunan da aka yi niyyar ba shi ya shiga wani rumbun bayanai na kwamfuta, da kuskuren harafi ma a ciki, mutane suka ɗauka suka yi ta amfani da shi. Shekaru suka yi ta wucewa, wasu na kiransa da wannan suna tsirara, wasu na ce masa mai ƙafar ɓawo kawai. A 2010 har injiniyoyi a Amurka suka yi nazarin hawa uku na kwansonsa, ko za a koyi dabarar ƙera sulke daga gare shi, duk da haka ba shi da suna na ƙa'ida.

Baƙi da fari

Ana cikin haka sai wata sabuwa ta ɓullo. A 2009 jirgin nutson Japan mai suna Shinkai 6500 ya sauka a wata maɓuɓɓuga da ake kira Solitaire, a cikin ruwan ƙasar Morishus, kimanin kilomita 700 arewa da Kairei. A can ma aka sami dodon koɗi mai sulke, amma fari ne, babu rufin ƙarfe a jikinsa, alhali na Kairei baƙi ne wuluk. A 2011 kuma jirgin binciken Ingila mai suna James Cook ya ɗebo na uku a maɓuɓɓugar Longqi, kudu da Madagaska, a zurfin kusan mita 2,800, nisan fiye da kilomita 2,000 daga biyun farko. Shi kuma kwansonsa ruwan ƙasa-ƙasa ne.

Tambaya ta taso: jinsi ɗaya ne, ko biyu, ko uku? Da a zamanin da ne, lokacin da launi da siffar kwanso kaɗai ake dubawa, da wuya baƙin da farin su tsira ba a ba kowanne sunansa daban ba. Amma yanzu akwai wani ma'auni, watau sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta, wanda ake kira DNA. Da aka gwada na baƙin da na farin, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna jinsinsu ɗaya. Bambancin launin daga ruwan da suke zaune a ciki ya fito, domin ruwan Solitaire ba shi da ƙarfe da yawa. Wani bincike na 2019 ya ƙara fayyace lamarin: dabbar ita ke fitar da farar wuta ta wasu ƙananan hanyoyi a cikin ɓawonta, ƙarfen kuma daga ruwa yake shiga ya haɗu da ita. Inda babu ƙarfe, sai sulken ya zauna fari.

A 2015 ne Chong Chen, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Oxford, tare da Katrin Linse da Jonathan Copley da Alex Rogers, suka buga cikakken bayaninsa bisa ƙa'ida, suka gyara kuskuren harafin, suka raɗa masa Chrysomallon squamiferum. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta mai gashin zinariya, ta biyu kuma daga Latin, ma'anarta mai ɗauke da ɓawo. Samfurin da sunan ke rataye a kansa daga Longqi aka ɗebo shi. Binciken ya kuma nuna cewa na Longqi ba su cika cuɗanya da na sauran wuraren biyu ba, watau in aka hallaka su, ba lalle ne 'ya'yan wasu su zo su maye gurbinsu ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Idan labarin mai sulke ya nuna cewa masu bambancin kama suna iya zama jinsi ɗaya, labarin maƙwabcinsa ya nuna akasin haka. A maɓuɓɓugar Kairei ɗin nan akwai wani dodon koɗi mai gashi tsaye a bayan kwansonsa, wanda gidansu ake kira Alviniconcha, don tunawa da jirgin nutson nan Alvin. Masana biyu 'yan Japan, Okutani da Ohta, su suka fara bayyana shi a 1988 daga samfurin da aka ɗebo kusa da tsibiran Mariyana a Tekun Pasifik, suka kira shi Alviniconcha hessleri. Bayan haka aka yi ta samun masu kama da shi a kusa da Fiji, da Tonga, da Papuwa Niyu Gini, har zuwa Tekun Indiya. Da yake ido bai ga bambanci ba, sau da yawa da sunan nan guda ake rubuta su.

Amma gwajin DNA ya yi ta nuna cewa akwai lauje cikin naɗi. A ƙarshen 2014 Shannon Johnson ta wata cibiyar binciken teku da ke Kalifoniya, ita da abokan aikinta, suka fitar da sakamakon da ya raba su gida shida. Hessleri na ainihi a yankin Mariyana kaɗai yake, sauran biyar ɗin kuma aka raɗa wa kowanne sunansa. Na Tekun Indiya ya zama marisindica. Wani kuma aka kira shi strummeri, da sunan mawaƙin Ingila Joe Strummer, saboda gashinsa tsaye irin na mawaƙan zamaninsa. A lokacin, bambancin DNA aka dogara da shi wajen raba su, sai a 2020 wasu masana suka sake duba uku daga cikinsu da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka gano ƙananan alamu da za a iya bambanta su da ido.

Mu lura da abin da wannan rabuwa ta haifar. Jiya ana ganin akwai jinsi ɗaya da ya bazu daga Pasifik har Tekun Indiya, wanda ko an ɓata masa wuri ɗaya yana da sauran wurare. Yau an gane jinsi shida ne, wasunsu a ɗan taƙaitaccen yanki kaɗai suke. Dabbobin dai suna nan yadda suke, amma lissafin haɗarin da ke kansu ya sauya gaba ɗaya.

Tsofaffin sunaye masu shakka

Waɗannan biyun ma sun yi sa'a, domin da ransu aka ɗebo su, kuma da yawa. Akasarin dodon koɗin zurfin teku ba haka aka same su ba. Tsakanin 1872 da 1876 jirgin Ingila mai suna Challenger ya zaga duniya yana jan raga a ƙasan teku, ya dawo da dubban halittun da ba a sani ba. Wani malami ɗan Sikotilan, Robert Boog Watson, shi ya bayyana dodon koɗin da aka samo, a wani babban littafi na 1886. Jiragen wasu ƙasashe ma sun yi irin wannan aiki. Sau da yawa abin da raga ke kawowa shi ne kwanso guda, fanko, wani lokaci a karye ko a goge, wani lokaci na ɗan ƙarami da bai gama girma ba. A kan irin wannan aka raɗa sunaye masu yawa.

Yau idan mai bincike ya ɗebo wani mai rai da ya yi kama da zanen da ke cikin tsohon littafi, ba shi da hanyar tabbatarwa cikin sauƙi. Tsohon kwanson babu nama a cikinsa da za a gwada. Inda aka ajiye naman ma, sau da yawa an jiƙa shi da wani ruwan magani mai suna fomalin, wanda ke lalata DNA. Wani samfurin kuma ya ɓace ɗungum, ko yaƙi ya ci gidan da aka ajiye shi. Saboda haka masana suka ware wasu kalmomi. Sunan da ba za a iya sanin dabbar da yake nufi ba ana ce masa nomen dubium, watau suna mai shakka. Wanda kuma ake jiran ƙarin bincike kafin a yanke hukunci a kansa ana ce masa taxon inquirendum. Babban kundin sunayen halittun teku da ake kula da shi a garin Ostend na ƙasar Beljiyam tun 2007, wanda kowa ke iya dubawa ta intanet, yana ɗauke da dodon koɗi masu yawa da aka yi wa irin wannan alama.

Hanyar warware shakkar sananniya ce: a koma daidai inda aka ɗebo na farko, a samo sabo mai rai, a gwada shi. Sai dai fita da jirgin bincike zuwa tsakiyar teku kuɗi ne masu yawan gaske, kuma ƙwararrun da suka san wannan aiki kaɗan ne. Wani nazari da masana na gidan adana kayan tarihi na Paris suka buga a 2012 ya nuna cewa, a matsakaici, sabuwar halitta takan yi shekara 21 a kan kanta tsakanin ranar da aka ɗebo ta da ranar da aka raɗa mata suna. In aka bi wannan lissafi, mai sulke da ya yi 14 har ya yi sauri.

Abin da ya sa ake gaggawa

Da a ce babu mai neman komai a ƙasan teku, da jinkirin bai dami kowa ba sai masana. To amma bututun maɓuɓɓugan nan cike suke da jan ƙarfe da zinki, da ɗan abin da ba a rasa ba na zinariya da azurfa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta kafa wata hukuma mai kula da ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba. Hukumar ta fara aiki a 1994, mazauninta yana birnin Kingston na ƙasar Jamaika, ita ce ke ba da lasisin binciken ma'adinai na shekara 15. A 2011 ta ba ƙasar Sin lasisin yankin da Longqi take ciki. A 2015 ta ba Jamus na yankin da Kairei take ciki. Watau an ba da lasisin gidan mai sulke na Longqi shekara 4 kafin shi kansa ya sami suna. Waɗannan lasisi na bincike ne, kuma har zuwa 2025 hukumar ba ta kammala dokokin da za su ba da damar fara haƙa ba, ko da yake wasu ƙasashe da kamfanoni suna matsa mata lamba, wasu kuma suna kiran a dakata.

A nan ne amfanin suna ya fito fili. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da wani jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, wanda gwamnatoci ke dubawa, kuma da sunan jinsi ake shiga wannan jeri. Shekara 4 bayan raɗin sunansa, a watan Yuli na 2019, aka sa mai sulke a ciki. Shi ne halitta ta farko da aka sa saboda barazanar haƙar ma'adinai a zurfin teku. A lokacin wurare uku kaɗai aka san yana zaune, waɗanda in aka haɗa faɗinsu bai wuce filin ƙwallo biyu ko uku ba. Daga baya an same shi a wasu 'yan maɓuɓɓugai na Tekun Indiya. A 2021 masana suka fitar da sakamakon duba jinsi 184 na dodon koɗi da danginsa waɗanda a maɓuɓɓugan ruwan zafi kaɗai suke rayuwa, aka iske kashi 62 cikin 100 suna cikin haɗari, na Tekun Indiya kuwa babu ko ɗaya da ya kuɓuta. Waɗannan 184 masu suna ne. Waɗanda ke jira a cikin kwalabe ba su shiga lissafin ba.

Ina ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa, mu da yawancinmu ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu da dodon koɗin da ke ƙarƙashin ruwa mai zurfin kilomita biyu da rabi? Amsar tana cikin yarjejeniyar nan ta 1982, wadda ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakokin ƙasashe, da arzikin da ke cikinsa, gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Gana da Kamaru da Najeriya da Sudan suna cikin yarjejeniyar tun shekarun 1980, Chadi da Nijar kuma sun shiga daga baya, kuma duk ƙasar da ta shiga tana da kujera da ƙuri'a a babban taron hukumar ta Kingston. Daga 2009 zuwa 2016 ma ɗan Gana ne, Nii Allotey Odunton, yake riƙe da muƙamin babban sakataren hukumar.

Saboda haka idan aka zo yanke shawarar ko a fara haƙa ko a jira, da wakilan ƙasashenmu za a yanke ta. Abin da muke fata shi ne su je da tambaya guda a bakinsu kafin su ɗaga hannu: an gama sanin halittun da ke zaune a wurin da za a haƙa, an kuma raɗa musu suna? Labarin baƙi da farin mai sulke, da na masu gashi shida da aka ɗauka ɗaya ne, ya isa ya nuna mana cewa kallon ido ba ya amsa wannan tambaya. Sai an ba masu tantancewa lokaci da jiragen ruwa da kuɗin aiki, kuma ya kamata a ɗora wani kaso na wannan nauyi a kan masu neman lasisin.